Index Fungorum da MycoBank: awon shafukan biyu da jinsin Podaxis

Ɗalibin da ya taɓa rubuta kundin digiri a kan laimar kwaɗi ya san inda ake tuntuɓe, wato wajen sunan kimiyya. Littafin laburare ya ce kaza, takardar bincike ta ce kaza, Google kuma ya kawo na uku. Idan gardama ta tashi a kan sunan wani naman gwari, shafuka biyu ne masana suka fi komawa gare su: Index Fungorum da MycoBank. Dukansu kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba kafin ka yi bincike, kuma dukansu da Turanci suke. Na farkon yana hannun lambun tsirrai na Kew da ke Landan, tare da abokan aiki a New Zealand da Sin. Na biyun mallakar ƙungiyar masana fungai ta duniya ne, cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a ƙasar Holan ce ke kula da shi, kuma tun 2004 yake aiki.

Hanyar da ta fi dacewa a auna shafi irin wannan ita ce a ba shi ƙaramin jinsi mai rikitaccen tarihi, a ga yadda zai yi da shi. Babban jinsi kamar Agaricus yana da dubban sunaye, mutum ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba balle ya gane inda shafin ya kauce. Podaxis kuwa daidai wa daida: sunayensa ba su wuce a karance su a zama ɗaya ba, kuma kusan duk wata matsala da ake samu a harkar raɗa suna tana cikinsa.

Wanda ya yi kiwo ko noma a Sahel zai iya gane shi ko bai taɓa jin sunan ba. Yana fitowa bayan ruwan sama a ƙasa mai yashi ko a kan suri, fari ne da farko, mai doguwar ƙafa mai tauri kamar icce da dogon kai wanda ba ya buɗewa ya zama laima. Idan ya tsufa, cikin kan yakan koma gari mai duhu, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, wanda ke ɓata hannu. Wannan garin shi ne ƙwayoyin irinsa. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya fara raɗa masa suna a 1771, daga wani samfuri da ya fito daga Indiya, ya kira shi Lycoperdon pistillare. Kalmar ta biyu daga sunan taɓarya take a Latin, kuma duk wanda ya ga abin zai ce sunan ya zauna. A 1801 wani masanin fungai, Persoon, ya mayar da shi cikin jinsin Scleroderma. A 1809 Desvaux, Bafaranshe, ya ware masa jinsi na kansa, Podaxis, kuma nau'in da aka kafa jinsin a kansa shi ne Podaxis senegalensis, wato tushen sunan ma a Afirka ta Yamma yake. A 1829 Fries, shi ma masanin fungai, ya shigar da nau'in Linnaeus cikin wannan jinsi, sai dai ya rubuta shi Podaxon. Wannan sauyin harafi biyu ya ci gaba da rikita littattafai sama da shekara ɗari.

A yau matsayinsa haka yake: masarautar Fungi, sashen Basidiomycota, ajin Agaricomycetes, rukunin Agaricales, dangin Agaricaceae. Shafukan biyu duk suna nuna wannan jeri a ƙarƙashin kowane suna. Tsofaffin littattafai kuwa za ka tarar sun sa shi a dangin Podaxaceae, cikin fungai masu riƙe irinsu a ciki, waɗanda ake kira Gasteromycetes. Binciken DNA ne ya rushe wancan rukuni, ya nuna cewa Podaxis ɗan uwan laimar kwaɗin da ake sayarwa a kanti ne, wanda ya daina buɗe laimarsa, abin da ya dace da zaman ƙasa mai fari. Ɗalibin da ya kwafo Podaxaceae daga littafin shekarun 1970 ba ƙarya ya kwafo ba, tsohon labari ne.

Index Fungorum ba shi da kyan gani, gaskiya ɗaya ce. Ya yi kama da shafukan farkon zuwan intanet: rubutu zalla, ƙananan haruffa, ba hoto, ba a tsara shi don allon waya ba, sai ka riƙa ja da yatsu biyu kafin ka karanta. Amma wannan rashin ado shi ne ribarsa ga wanda ke aiki da datar waya a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Shafin yana buɗewa da sauri kuma ba ya cin data. Wajen bincike akwai zaɓi tsakanin cikakken suna da kalmar ta biyu kaɗai, wadda suka rubuta wa Epithet. Idan ka rubuta farkon suna, misali Podax, zai jero maka duk sunayen da suka fara da haka, kowane da wanda ya raɗa shi, da shekara, da dangi, sannan a gefe ga sunan da shafin yake ɗauka a matsayin na yanzu. Za ka ga sunaye sama da 40. Rubuta guntun suna ya fi rubuta cikakke, domin shi ne zai kamo maka Podaxis da duk abin da ya rage da rubutun Podaxon a lokaci ɗaya. Shafin ba ya gyara maka kuskuren rubutu yadda Google ke yi. Harafi ɗaya ya kauce, sai ya ce babu, kai kuma ka ɗauka sunan ne babu.

Zaɓin Epithet shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali da shi ake bin sawun nau'in da ya yi ƙaura daga jinsi zuwa jinsi. Sai dai a kula da ƙarshen kalma. A Latin kalmar ta biyu tana bin jinsin ta farko, namiji ko mace ko ba ko ɗaya ba, shi ya sa pistillare na Lycoperdon ya koma pistillaris a Podaxis. Ka rubuta pistillar kawai ka bar ƙarshen, za ka samu duka biyun, tare da wasu fungai da ba su da alaƙa da naka, irin su Clavariadelphus pistillaris na dazukan Turai. A cikin Podaxis kansa ma masu raɗa suna ba su daidaita ba: wani masani, Montagne, ya rubuta aegyptiacus da ƙarshen namiji, waɗanda suka bayyana rugospora a Afirka ta Kudu a 1989 suka rubuta da ƙarshen mace.

Idan ka danna suna, shafin da zai buɗe shi ne ainihin amfanin Index Fungorum. A nan za ka ga cikakken inda aka buga sunan: littafi ko mujalla, juzu'i, lambar shafi, shekara. Za ka ga sunan asali da aka ɗauko shi daga ciki, wanda suke kira Basionym. Idan an gyara rubutu, sukan nuna yadda mai sunan ya rubuta tun farko a cikin baka mai kusurwa. Idan sunan bai cika sharaɗi ba, sukan rubuta nom. inval. ko nom. illegit. tare da lambar dokar da aka karya. Ga tsofaffin sunaye da yawa akwai mahaɗi zuwa hoton ainihin shafin littafin, ta yadda mutum yana zaune a Zariya ko Maraɗi zai karanta abin da Fries ya rubuta da Latin a 1829. Wannan babban abu ne, domin waɗannan littattafai ba a samun su a laburaren jami'o'inmu. Aibinsa shi ne wasu mahaɗan sun mutu, wasu kuma suna kai ka farkon littafin su bar ka ka nemi shafin da kanka.

A nan ne kuma ake warware rikicin sunayen mutanen da ke bin sunan nau'i. Rubutun da ya dace shi ne Podaxis pistillaris (L.) Fr. Harafin da ke cikin baka Linnaeus ne, wanda ya fara raɗa sunan; na waje Fries ne, wanda ya mayar da shi wannan jinsi. A takardu za ka ci karo da L. ex Pers., ko L.: Pers., ko a ƙara emend. Morse a ƙarshe, wato Morse, wadda za mu zo kanta a gaba, ta gyara iyakar nau'in. Kowane yana da dalili. Kafin taron masana tsirrai na Sydney a 1981, lissafin sunayen irin waɗannan fungai daga littafin Persoon na 1801 yake farawa, shi ya sa ake jingina sunan Linnaeus ga Persoon. Bayan taron aka mayar da mafarin zuwa 1753, aka bar wa sunayen da Persoon da Fries suka amince da su wata kariya ta musamman, wadda ake nunawa da ɗigo biyu. Daga 2018 kuma aka bar ɗigo biyun, ana rubuta nom. sanct. idan akwai buƙata. Ɗalibi ba ya buƙatar haddace wannan tarihi. Abin da yake buƙata shi ne ya ɗauki rubutu ɗaya daga shafin ya tsaya a kansa daga babi na ɗaya zuwa na biyar, maimakon ya haɗa kala uku a kundi ɗaya saboda ya kwafo daga takardu uku.

Shekara ma tana da nata tarko. Nau'i na biyu da aka sani a wannan jinsi, wanda ɗan Linnaeus ya kira Lycoperdon carcinomale daga samfurin da aka samo a kan suri a Afirka ta Kudu, yana cikin littafin da aka rubuta wa 1781 a bangonsa, amma sai 1782 ya fito. Doka ranar fitowa take dubawa. Index Fungorum yakan nuna irin wannan da shekaru biyu, ɗaya a cikin baka mai kusurwa. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗauka kuskure ne.

MycoBank ya fi kyan tsari, ya kuma fi nauyi. An sabunta fasalinsa, akwai bincike mai sauƙi da bincike mai zurfi, ana iya tace sakamako ta matsayin suna ko shekara ko mai raɗawa, ana iya sauke jerin sunaye a buɗe a Excel. A kwamfuta mai intanet mai ƙarfi aiki da shi yana da daɗi. A waya da sabis mai rauni kuwa yakan tsaya yana juyi, wani lokaci teburin sakamako ya ƙi fitowa gaba ɗaya sai an sake lodawa. Teburin kuma yana da faɗi, a ƙaramin allo rabinsa a ɓoye yake.

Inda ya fi takwaransa shi ne sababbin sunaye. Tunda masu bincike da yawa a nan suke rajistar sunayensu, shafin kowane sabon nau'i yakan zo da bayanin siffa, da ma'anar sunan, da inda aka ajiye samfurin shaida, wato samfurin da aka kafa sunan a kansa, da lambarsa, da ƙasar da aka samo shi, da mahaɗi zuwa jerin DNA a GenBank, babban rumbun bayanan DNA. Yana kuma raba sunaye masu ma'ana ɗaya gida biyu, kuma wannan rabo ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne yawancin masu amfani da shafukan suke ɓata.

Kashi na farko su ne sunayen da suka dogara a kan samfuri ɗaya. Lycoperdon pistillare, Scleroderma pistillare da Podaxis pistillaris duk abu ɗaya ne, ba gardama, domin duk suna komawa ga samfurin Linnaeus. Wannan hukuncin doka ne, ba ya sauyawa. Kashi na biyu su ne sunayen da kowane yake da nasa samfurin, amma wani masani ya duba ya ce a ganinsa nau'i ɗaya ne. Wannan ra'ayi ne, kuma ra'ayi yana tashi idan hujja ta sauya. Podaxis shi ne misalin da ya fi kowane fito da wannan. A 1933 Elizabeth Morse, wata mai bincike a Kalifoniya, ta duba samfura masu yawa ta yanke cewa bambancin girma da launi duk na yanayi ne da shekarun abin, ta tattara kusan dukkan sunayen ƙarƙashin P. pistillaris. Shekara 80 da ɗoriya duniya tana bin wannan. Duk abin da aka tsinta mai siffar taɓarya, daga Ostareliya zuwa Meziko zuwa Sudan, sai a lika masa suna ɗaya. A 2016 Benjamin Conlon da abokan aikinsa suka duba DNA na samfura 45 daga kudancin Afirka da wasu kaɗan daga Amurka ta Arewa, Habasha da Kenya, suka samu aƙalla reshe biyar mabambanta, waɗanda suka sha bamban a tsawon ƙwayar iri da faɗinta da kaurin bangonta. Wasu rassan kullum a kan suri ake samun su, wasu kuma ba ruwansu da gara. A 2023 wani aiki da aka buga a mujallar Persoonia ya tantance nau'i 16: tsofaffin sunaye 11 da aka dawo da su ko aka tabbatar, da sababbi 5.

To, me shafukan suke yi da irin wannan juyi? Sababbin sunaye biyar ba su da matsala, domin doka ta tilasta a yi musu rajista kafin a buga su, dole su bayyana. Matsalar tana wajen tsofaffin da aka tayar daga kabari. Ba dokar da ta ce a yi rajistar sauyin ra'ayi. Sai wani ma'aikacin shafin ya karanta takardar, ya yarda da ita, ya zauna ya gyara da hannu. Ma'aikatan kaɗan ne, sunayen fungai kuma dubu ɗaruruwa. Shi ya sa layin da aka rubuta wa Current name yake iya zama a baya da shekaru, shi ya sa kuma shafukan biyu kan saɓa wa juna a kan suna ɗaya ba tare da ɗayansu ya faɗi dalili ba. Wannan shi ne babban aibinsu duka biyun: ba sa nuna a fili ranar da aka yanke hukuncin sunan yanzu, ba kuma kullum suke faɗin takardar da aka dogara da ita ba. Kalmar tana zaune a shafi kamar hatimin alƙali, alhali aikin magatakarda ne wanda bai gama bin fayil ba. Kuma ba nan abin ya tsaya ba, domin jerin sunayen yanzu na ɓangaren Kew, wanda ake kira Species Fungorum, shi ne ke shiga Catalogue of Life, jerin sunayen halittu na duniya, daga can wasu manyan rumbunan bayanai su ɗauka. Idan ka ga shafuka huɗu sun yi ittifaƙi a kan suna, mai yiwuwa shaida ɗaya ce ka ji sau huɗu.

Abin da ya kamata a yi mai sauƙi ne. A duba sunan a shafukan biyu. Idan sun dace, a rubuta, a kuma sa ranar da aka duba. Idan sun saɓa, a nemi takarda mafi sabunta da ta yi nazarin jinsin gaba ɗaya, a bi ta, a faɗi a cikin kundin cewa ita aka bi. Malamin da ke duba aiki ba zai kama ɗalibi da laifi a kan haka ba. Tsofaffin sunaye lambarsu ɗaya ce a shafukan biyu, don haka idan ka samu lambar a ɗaya, kana iya nemo sunan da ita a ɗayan ba tare da fargabar kuskuren rubutu ba.

Akwai abin da ko ɗaya daga cikinsu ba zai yi maka ba, kuma da yawa don shi suke zuwa: ba za su gaya maka mene ne abin da ka tsinto ba. Babu mabuɗin tantancewa, hotuna kaɗan ne a MycoBank, a Index Fungorum kuwa kusan babu. Kama da wane ba wane ba ne, kuma a kan suri wannan magana tana da nauyi. Kuskuren da ya fi yawa a rubuce-rubucen ɗalibai shi ne kiran duk abin da ya fito a kan suri Termitomyces. Wancan jinsi ne dabam, Roger Heim ya kafa shi a 1942, yana dangin Lyophyllaceae, yana buɗe laima sosai, kuma yana da dogon jijiya da ke nutsawa har cikin gonar da garar ta shuka shi, domin gara irin su Macrotermes masu manyan suri noma shi suke yi. Podaxis kuwa an fi samun sa a kan ƙananan surin garar da ke yankan ciyawa, Trinervitermes, ko a fili kawai. Shafin zai karɓi duk sunan da ka rubuta ya ba ka jerin danginsa tsaf, ko da sunan ba na abin da ke hannunka ba ne.

Don haka aikin yana farawa tun daga daji. A ɗauki hoto a inda abin yake da ma'auni a gefe, a rubuta ko a kan suri yake ko a yashi, a ɗauki lambobin wurin da GPS na waya. A haƙo shi da gindinsa, kada a fizge, domin kumburin gindin yana cikin siffofin da ake dubawa. A tsaga ɗaya a tsaye a ga launin ciki. A busar a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba. Zafin da ya fi haka yana iya lalata DNA, tanda ta girki ba ta dace ba. A ajiye a ambulan takarda, ba a leda ba, domin leda tana riƙe danshi ya yi funfuna, kuma DNA ɗin funfunar ne zai fito a gwaji. Kwana biyu ko uku a firiza yana kashe ƙwarin da ke cinye samfuri. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ninki 1000 da ɗigon mai, a auna ƙwayoyin iri aƙalla 20 zuwa 30 daga samfurin da ya nuna sosai, cikin ruwa ko sinadarin KOH mai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Wanda bai nuna ba ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma ba su yi duhu ba, awonsu zai kai ka ga sunan da ba shi ba. A wannan jinsi tsawon ƙwaya yakan faɗa wajen maikiromita 10 zuwa 14 a yawancin tsofaffin bayanai, amma tunda waɗannan bayanai sun haɗa nau'o'i da yawa a tukunya ɗaya, dacewa da su bai tabbatar da komai ba sai jinsi.

Wanda ya samu halin gwajin DNA, yankin ITS ake karantawa, wanda aka amince da shi a 2012 a matsayin alamar tantance fungai, galibi da ITS1F da ITS4, guntayen DNA da ake kamo yankin da su. MycoBank yana da wajen da za ka liƙa jerin haruffan ya kwatanta maka da na rumbunsa, Index Fungorum ba shi da wannan. Sai dai a nan ma inuwar 1933 tana nan. Jerin Podaxis da yawa a GenBank an sa musu pistillaris ne saboda a lokacin sunan ke nan kowa ya sani. Dacewa ta kashi 99 cikin ɗari da jerin da aka yi wa laƙabi ba daidai ba, ba ta ba ka suna ba, ta ba ka kuskuren wani ne. A BLAST, manhajar kwatanta DNA da na GenBank, akwai akwatin da ake dannawa ya taƙaita kwatancen ga samfuran shaida kaɗai. Da shi ya kamata a fara. Idan ba a yi DNA ba, rubuta Podaxis sp. ya fi gaskiya, ko P. pistillaris s.l., wato a faffaɗar ma'ana. Wannan ba gazawa ba ce, kuma ya fi amfani ga wanda zai zo daga baya, musamman da yake samfuran Afirka ta Yamma da aka karanta DNA ɗinsu ba su kai na kudancin nahiyar yawa ba.

Wani abin da ba ya cikin shafukan: ci ko rashin ci. Ana cin Podaxis tun yana fari bai tsufa ba a wasu yankunan Indiya, amma ba Index Fungorum ne zai gaya maka haka ba, kuma zama a dangi ɗaya da wanda ake ci ba lasisi ba ne. Chlorophyllum molybdites, mai faffaɗar farar laima da ƙwayoyin iri masu kore-kore, wanda ke fitowa a filayen ciyawa da damina yana sa amai da gudawa mai tsanani, shi ma ɗan Agaricaceae ne.

Saura ɓangaren rajista, wanda ya shafi mai son raɗa sabon suna. Tun 1 ga Janairu 2013, sunan naman gwari ba ya inganta sai an buga shi tare da lambar da ɗaya daga cikin rumbuna uku ya bayar: MycoBank, Index Fungorum, ko Fungal Names da ke Beijing. Daga 1 ga Janairu 2019 sharaɗin ya haɗa da ayyana sabon samfurin shaida ga tsohon suna. Lamba ɗaya daga rumbu ɗaya ta isa, ba a yin rajista sau biyu, yin hakan rikici yake kawowa. Ana buɗe asusu kyauta, a cike sunan, da matsayinsa, da masu raɗawa, da bayanin da ya bambanta shi da 'yan uwansa, da Turanci ko Latin, da ma'ajiyar da samfurin shaida yake da lambarsa. Lambar tana fitowa nan take, bayanin kuma yana zama a ɓoye har a buga takardar. Fom ɗin MycoBank ya fi tsawo amma ya fi kama hannun sabon shiga, domin yana tambayar abubuwan da in aka manta su sunan zai faɗi. Na Index Fungorum ya fi gajarta, ya fi dacewa da wanda ya riga ya san dokokin. Yana kuma da wata hanya ta buga gajeren sauyin suna kai tsaye a shafin, wadda take da sauri amma ba ta bi ta hannun masu tace takardu yadda mujalla take yi, shi ya sa wasu masana ba sa sakin jiki da sunayen da suka fito ta nan.

Abubuwan da ke kayar da suna sanannu ne, kuma kusan duk na sakaci ne. Na farko, a manta a sa lambar a cikin takardar da aka buga. Samun lambar kaɗai bai isa ba, sai ta bayyana tare da sunan. Na biyu, a ambaci samfurin shaida ba tare da faɗin ma'ajiya ɗaya takamaimai da yake ciki ba, sharaɗin da ke aiki tun 1990. Kabad ɗin ofishin malami ba ma'ajiya ba ce. Ana nufin wuri irin ma'ajiyar tsirrai ta gandun daji da ke Ibadan, mai alamar FHI, ko ta Kew, inda wani zai iya neman samfurin ya duba. Na uku, wajen mayar da nau'i wani jinsi, a kasa kawo cikakken inda aka buga sunan asali har da lambar shafi. Na huɗu, a sauya rubutun sunan bayan an karɓi lamba ba a koma an gyara a rumbun ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a karɓi lambar bayan mujalla ta amince da takardar amma kafin a tura gyaran ƙarshe, sannan idan ta fito a koma a cike juzu'i da shafi, in ba haka ba sunan zai daɗe a rumbun babu adireshi. Kundin digiri da aka ɗaure kwafi huɗu aka ajiye a sashe ba ya cikin abin da doka ke ɗauka bugu, don haka sabon sunan da ya tsaya a can bai wanzu ba tukuna, ko da an karɓar masa lamba.

Ga ɗalibin da ke aiki da waya yana son ya tabbatar da rubutun suna, da mai raɗa shi, da shekara, da dangi, Index Fungorum ya wadatar kuma ya fi sauƙin buɗewa. Ga mai neman bayanin samfurin shaida, ko kwatanta DNA, ko rajistar suna karo na farko, MycoBank ya fi, amma a nemi kwamfuta da sabis mai kyau, a kuma rubuta bayanan a wani fayil dabam kafin a fara cike fom, domin idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da ba a adana ba sai an sake rubuta shi daga farko.